Nisan Tsallake

Har yanzu in hadari ya haɗo ina ofis, hannuna ba ya iya zama a kan kwamfuta. Sai in tashi in shiga banɗaki in kulle, in jingina da bango har ruwan ya tsagaita. Matar da ke share mana ofis ta ɗauka ciwon ciki gare ni. Na bar ta a haka.

Da na gama sakandare aka turo ni Abuja wajen yayata, wadda muke ciki ɗaya. Mijinta birkila ne, a lokacin kuwa gini ake yi ta ko'ina, duk inda ka waiwaya bene ne yake tashi. Amma su ba a cikin gari suke zaune ba. Suna wata unguwa ce a bayan Kurudu, wadda take da sunanta na asali da Gbagyi masu wurin suka sa mata, sai dai kowa Tsallake yake ce mata, don sai an tsallake rafi ake isa.

Da rani rafin ba abin tsoro ba ne. Cire takalmi kawai ake yi a taka duwatsu a wuce. Abin da ya ɓata shi masu tifa ne, da suke shiga suna kwasar yashi suna kai wa magina a cikin gari, suka bar ramuka a tsakiyarsa. Da rani kana ganin ramukan, ka kauce. Da damina ruwa yakan rufe su, ya zama ja kamar shayin da aka sa wa madara kaɗan. Akwai gada, amma tana can nesa ta ƙasa, hanyarta kuma ko ɗan acaba ba ya son bi in ƙasa ta jiƙa.

Na koyi kwamfuta a wani shago a Nyanya, daga nan wata maƙwabciya ta yi mini hanya na samu aiki a wani ƙaramin ofis a Garki. Oganmu mutum ne mai sanyin magana, ya taɓa aiki a ma'aikatar gwamnati kafin ya buɗe nasa wurin. In zai yi Hausa rabi sai ya ƙarasa da Turanci, sannan ya tuna da ni ya dawo ya maimaita. Aikin ofishin shi ne a gaya wa mutane inda ya dace su ajiye abu: rijiyar burtsatse, makaranta, shago, duk abin da aka kawo.

A shekarar da nake magana, wata ƙungiyar agaji ta kawo aiki. Suna so su zaunar da ungozomomi masu horo a unguwannin bayan gari kafin damina ta yi ƙarfi. Ba gini za a yi ba. Ɗaki za a kama haya, a sa gado da magunguna, ungozomar ta zauna a cikin mutane. Ungozomomin ba za su isa ko'ina ba, saboda haka aka sa ƙa'ida: unguwar da nisanta da asibiti mafi kusa ya wuce kilomita biyar ita za ta samu.

Akwai ma'aikatanmu maza da suke fita da wata na'ura mai kama da tsohuwar wayar hannu, GPS suke ce mata. In mutum ya tsaya a wuri ya danna, sai ta ba shi lamba biyu, ɗaya ta arewa, ɗaya ta gabas. Da waɗannan lambobin ake gane wurin a duk faɗin duniya. Su kawo, ni in shigar a shafin lissafi na kwamfuta, mai layi-layi da gidaje-gidaje. Kowace unguwa da layinta. A gida na ƙarshe Oga ya rubuta wata doguwar fomula cike da abubuwan da na baro a ajin lissafi ina murna.

Ranar farko ya nuna mini da bayan biro ya ce, “Wannan gidan kada ki taɓa cikinsa. Ki kama shi ta kusurwa, ki ja ƙasa, shi ke nan.”

Na ja. Nan take lambobi suka zubo, kowace unguwa da nisanta. Wadda ta wuce biyar gidanta ya yi ja, wadda ba ta kai ba ya yi kore. Na ce, “Oga, me ya sa lissafin ya yi tsawo haka?”

Ya ce, “Saboda duniya ba faifai ba ce, ƙanwata, kamar lemo take. Sai an bi lanƙwasarta. Amma ki sani, a miƙe yake aunawa. Bai san kwalta ba, bai san kwazazzabo ba. In za mu bi kowace hanya da mota, damina za ta zo ta wuce ba mu gama ba.”

Gaskiya aikin ya burge ni. Har labari nake ba Yaya in na koma gida, tana jajjage ina zuba.

Yaya tana da ciki a lokacin, na biyu. Na farkon a gida ta haihu, ɗan bai zo da rai ba, ita ma da ƙyar jini ya tsaya. Da ta je awo a wannan karon, nas ta ce mata ko da wasa kada ta sake haihuwa ba ma'aikaciya a kusa. Lissafin watanninta kuwa tsakiyar damina ya nuna. Shi ya sa da na ji zancen ungozoma, na riƙa leƙa takardun da ake kawowa ina jiran sunan unguwarmu. Na san nisanmu da asibiti, da ƙafata nake sani. Ban taɓa kawo wa raina ba za mu yi ja ba.

Da layinmu ya zo na shigar da lambobin, na ja fomula. Kore. Uku da 'yan kai.

Na goge na sake shigarwa, ina duba kowace lamba da yatsa a kan takarda. Kore dai. Na tashi na sami wanda ya ɗauko lambobin, yana zaune a bakin ƙofa yana cin gyaɗa. Na ce masa, “Don Allah a unguwar nan ta bayan Kurudu, a ina ka tsaya ka danna?”

Ya ce, “A ƙofar mai unguwa mana. A ina kike so in tsaya?”

“Ba ku shiga ciki ba?”

“Ke, za ka shiga garin mutane da na'ura a hannu ba ka gaida mai shi ba? Ai sai su ce fili ka zo aunawa, su biyo ka da adda. Mun je, ya ba mu kujera, ya ba mu ruwa, muka ce Baba nan ne garin, ya ce nan ne. Muka danna a gindin mangwaronsa. Haka muke yi ko'ina.”

Haka kuwa suke yi ko'ina, kuma a yawancin wurare daidai ne, don gidan mai unguwa a tsakiyar mutanensa yake. Namu ne dabam. Da filaye suka yi daraja ya sayar da wani ɓangare na gonarsa, ya fito bakin kwalta ya gina gidan bulo mai get, a wannan gefen rafin. Mutanensa da mu baƙi 'yan haya muna can ciki, bayan ruwa, har gindin dutse.

Ban saba yi wa Oga magana in ba shi ya fara ba. Na daɗe a tsaye a bayan kujerarsa kafin ya lura da ni. Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba. Sannan ya buɗe durowa ya ɗauko na'urar ya ce, “Gobe ba aiki. Ki tsaya a tsakiyar unguwar, inda mutane suka fi yawa, inda babu rufi a samanki. Ki jira lambobin su daina motsi kafin ki rubuta. Kada ta faɗa ruwa, don Allah.”

Na naɗe ta a leda biyu na sa a cikin hijabina. Washegari da hantsi na tsaya a bakin rijiyar da ke tsakanin masallaci da coci, na ɗaga ta sama. Mijin Yaya yana wanke babur ɗinsa ya hango ni ya ce, “'Yar kwamfuta, wa kike kira a sama? In ya ɗauka ki ce ina gaisuwa, ki ce a turo mana da gada.”

Na ce, “Malam, ka bari in ta yi ka ga aiki.”

Yaya tana bakin ƙofa ta dafe ƙugu tana dariya. Ta ce masa, “Ka ƙyale mini ƙanwa, ita ce gwamnatin gidan nan.”

Ranar Litinin na shigar da sababbin lambobin. Gidan ya yi ja. Biyar da ɗan ɗoriya, ba da yawa ba, amma ya wuce. Na zauna ina kallonsa kamar wanda aka yi wa bushara. Oga ya zo ya duba ya gyaɗa kai, sannan ya ce akwai saura. Masu ƙungiyar sun riga sun karɓi lambobin farko, kuma ba sa yarda a canza wurin wata unguwa sai mai unguwar ya amince da bakinsa, don kada ma'aikata su riƙa jan wurare zuwa inda suke so. Ya ce, “Ku je ku same shi. Ai don mutanensa ne, ba zai ƙi ba.”

Ni ma haka na zata. Da yamma muka je da mijin Yaya, ya sayi goro a hanya. Muka sami mai unguwa a gindin mangwaron nan, tsoho ne dogo mai furfura, yana gyara ƙotar fartanya. Muka durƙusa muka gaishe shi. Mijin Yaya ya fara bayani ya rikice, sai ya ce, “Ranka ya daɗe, ita ce ta san kan abin.” Na yi bayani a hankali, kaina a ƙasa.

Ya ajiye fartanyar. Hausarsa irin ta mutanen wurin ce, mace da namiji duk ɗaya. Ya ce, “Kai yarinya, ka yi makaranta. Duba can.”

Ya nuna ƙetaren kwalta da haɓarsa. Can akwai gidajen da aka rushe kafin zuwana, bulo a zube, wani bango ɗaya ya rage a tsaye da jan fenti a jikinsa.

Ya ce, “Waɗancan an ce baƙi ne, sun zauna ba izini. Katafila ya zo da safe, kafin azahar ya gama. Ni ba a taɓa ni ba, don duk wanda ya zo da takarda, takarda ya ce gari yana nan, garin asali. Yanzu kana so in ce gari yana can bayan ruwa. To ni a nan mene ne? Waɗannan gidaje na kusa da ni, su mene ne?”

Na ce, “Baba, wannan ba na gwamnati ba ne, na masu ungozoma ne kawai.”

Ya ce, “Lamba in ya shiga kwamfuta, ka san inda zai tsaya?”

Ban sani ba. 

Ya ce, “Ba mugunta ba ne, 'yata. Matar ɗana ma yana can ciki, yana da ciki. In watan yayarka ya kama, ku fito da shi wannan gefe. In naƙuda ya zo, motar ɗana yana nan, ko ba ku da kuɗin mai zai kai ku.”

Ya karɓi goron ya sa mana albarka. A hanyar komawa mijin Yaya bai yi wasa ko ɗaya ba. Da muka cire takalma a bakin rafi na lura ruwan ya fara rufe duwatsun ƙasa.

Oga ya yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsa ba. Na ji shi yana waya da masu ƙungiyar da Turanci, yana ta maimaita kalmar rafi. Ya ƙara wani gida a gefen layinmu ya rubuta cewa akwai ruwa tsakanin mutanen da asibiti. Suka ce sun gani, za su duba a zagaye na gaba. Da ranar miƙa aiki ta zo, bai ce in mayar da tsofaffin lambobin ba. Ya jira na fita sallar azahar ya mayar da kansa. Na dawo na tarar da kore. Ungozomar da za ta iya zama tamu aka tura ta wani ƙauye ta wajen Uke.

Muka shirya cewa in watan haihuwa ya kama, Yaya za ta koma Karu wajen wata 'yar garinmu ta zauna har ta sauka. Har jaka mun haɗa. Naƙudar ba ta jira watan ba.

Ranar Asabar ce, bayan azahar. Tun safe ake ruwa a kan duwatsu, ya ɗan ɗauke ya dawo. Mijin Yaya yana wurin aiki a cikin gari, na kira shi wayar ba ta shiga ba. Ina wanke kwanuka Yaya ta kira ni da wata murya da ban san ta da ita ba. Na shiga na ga ta riƙe ƙafar gado, zaninta ya jiƙe, kuma ba ruwa kaɗai ba ne.

Na ruga gidan maƙwabciyarmu, wata dattijuwa manomiya da muke ce wa Mama. Ta zo ta duba sau ɗaya ta fita tana kiran maza da yarensu. Kafin in gama ɗaura wa Yaya wani zanin, sun ciro ƙyauren ɗakinmu daga jikin bango. A kansa aka kwantar da ita, aka rufa mata ledar da muke shanya masara.

Tun daga nesa ake jin rafin. Da muka isa babu dutse ko ɗaya a waje, ruwan yana tafe da karan dawa da robobi. Mazan suka tsaya suna shawara, wani ya ce a bi ta gada. Mama ta ce kafin a kai gada an yi gawa biyu. Suka ɗaga ƙyauren a kafaɗa suka shiga. An ce in tsaya, amma Yaya ta riƙe mini hannu ba ta saki ba, sai na bi gefen ƙyauren.

Ruwan ya kai mini gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji. Sanyinsa ya ɗauke mini numfashi. Ina jin yashi yana zarewa a ƙarƙashin ƙafata. Ina ce wa Yaya, mun kusa, mun kusa, sai na taka ban sami ƙasa ba. Ramin masu tifa ne.

Hannunta ya suɓuce daga nawa. Ban ga komai ba sai ja, ban ji komai ba sai gurnani a cikin kunnuwana. Na buɗe baki zan yi salati ruwa ya shiga. Hijabina ya naɗe mini fuska. Ban san tsawon lokacin da na yi a ciki ba, an ce bai daɗe ba. Mama ce ta cafko hijabin ta baya ta ja ni kamar buhu, ya shaƙe mini wuya har sai da ya bar shaida. Na farfaɗo a bakin gaɓa ina amai, ina jin Yaya tana kiran sunana daga kan ƙyaure, ita da take cikin nata halin.

Gidan da ya fi kusa shi ne na mai unguwa. Da muka isa motar ɗansa ba ta nan, ya kai doya kasuwar Masaka tun safe. Aka aika neman wata, amma Yaya ta ce ba za ta iya jira ba. Aka sauke ƙyauren a barandar ƙofar gida, kusa da mangwaron. Matan gidan suka fito suka kewaye ta da zannuwa, mazan suka juya baya. Mai unguwa yana tsaye a cikin ruwan sama a bakin kwalta yana ɗaga wa kowace mota hannu.

Namiji ne. Ƙarami, cikakken gashi a kansa. Mama ta juya shi ta bubbuga, ta hura masa baki, ta sake bubbugawa. Ina durƙushe ina rawar ɗari ina jira ya yi kuka. Bai yi ba.

Wata tifa ce ta tsaya daga ƙarshe. Aka sa Yaya a gaba, ni da Mama muka riƙe ta har asibiti. An ƙara mata jini, ta kwana biyu ba ta san inda take ba, amma ta tashi. Ɗan kuwa ba a iya komawa da shi Tsallake ba saboda ruwa. Mai unguwa ya ba da wuri a bayan gidansa, a gefen gonar rogo, da mijin Yaya ya iso, shi da limamin bakin hanya suka rufe shi kafin magariba.

Bayan an sallamo ta, tsohon ya naɗe wandonsa ya tsallako ya zo gaisuwa. Ya zauna a tabarma a ƙofar ɗaki ya ce Allah ya ba da haƙuri, ya daɗe a zaune yana kallon ƙasa. Ni na kawo masa ruwa. Ban iya ɗaga ido na dube shi ba, shi ma bai dube ni ba.

Na koma aiki, don babu dalilin da zan bayar na zama a gida. Yanzu ta gada nake zagayawa ko da rafin ya janye, ina fita da sassafe, mutane suna mini kallon mai taɓin hankali. Wani sabon aiki ya shigo ofis, na masu kafa ƙarfen sabis ɗin waya, aka ce a yi amfani da lambobin unguwannin da muke da su. Na buɗe shafin, ga layinmu nan. Lambar arewa da lambar gabas, na gindin mangwaro. Ba sai na duba takarda ba, na haddace su. Oga ya ce in ina so ya ba wani ya yi. Na ce a'a, zan iya. Na kama kusurwa na ja ƙasa, na kau da kai har ya wuce wurin.

Yaya ba ta zancen abin. Ta rame, tana yin aikin gida a hankali. Rannan ina yi mata tsifa a ƙofar ɗaki, sai ta ce, “Wannan na'urar taku, in an tsaya a kan wuri, ba ta mantawa ko?”

Na ce, “In an rubuta lambobin, ba ta mantawa.”

Ta ce, “Ko rogo ya rufe wurin? Ko an yi gini a kai?”

Na ce, “Ko an yi gini.”

Ta ce, “Ni ban ga inda aka sa shi ba. Malam ya ce babu alama, ƙasa ce kawai. In kin samu dama ki aro ta, ya nuna miki wurin ki danna. Ki gaya mini nisansa daga nan.”

Na ce to. Na san durowar da take ciki, kuma na san Oga ba zai hana ni ba. Kullum in na shiga ofis sai in ce yau zan tambaye shi, har a tashi ban buɗe baki ba. Jiya ma da na dawo ta dubi hannuna, ta ga jakata ce kawai, ta ci gaba da tankaɗe.